Rowata Ta Yi Boko

Akwai marowacin da in ka roƙe shi zai ce maka babu, ya kau da kai, magana ta ƙare. Irin wannan ina ganin girmansa, don bai ci lokacin kowa ba. Ni tawa rowar ta yi boko. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli, daga lakwal ɗin ƙauyukan Korahane har cikin Dakoro, kuma ban taɓa hana dala fita daga aljihuna ba sai da hujja, hujja mai kai da ƙafa, wata rana har da lissafi a ƙasa da tsinke. Uwargida ta daɗe da gano ni. In ta ce a sayi sabuwar tukunya, na soma bayanin yadda tsohon ƙarfe ya fi riƙe zafi, sai ta ce, “Malam, ka ce babu kawai, miyata na bisa wuta.”

Fijo ce ta ɓata ni. Shekara goma sha tara na yi da Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, mota mai haƙurin jaki. Kowace safiya in ɗaga kapo, in kwance murfin lagireto, in ɗura mata ragowar ruwan alwala, mu kama hanya. In lagireton ya ɓule, na tagulla ne, mai walda zai liƙe shi da dalma. In a daji ne, a zuba garin taba ko a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, ya toshe har a iso gari. A wurina iyakar ilimin mota ke nan: inji dabba ce, in ta ji ƙishi a ba ta ruwa.

A 2022 ɗana na fari, wanda ke aiki a Yamai, ya gaji da jin labarin an turo ni daga tasha zuwa gida. Ya sayo mini Toyota RAV4 ƙirar 2015, 'yar Kwatano, ta shigo ta Gaya tun ba a rufe wannan iyaka ba. Ranar da na fara ɗaga kaponta, roba na gani ko'ina. A gefe ga wata 'yar farar gora mai layi biyu, na sama da na ƙasa, makanikai na ce mata bokal, a cikinta wani ruwa mai launin hoda kamar zoɓon da aka tsinka don ya ishi 'yan biki. Yaron ya nuna ta da yatsa ya ce, “Baba, kada ruwan nan ya sauka ƙasa da layi. In ya sauka, irinsa za a ƙara, kuma a nemi dalili. Don Allah kada a ba ta na rijiya.” Na ce masa tun ba a haife shi ba nake ba mota ruwa. Ya yi shiru irin na ɗan da ya samu tarbiyya, bayan kwana biyu ya aiko da jaka ashirin ta kamfanin aika kuɗi na Nita, ya ce in sayi galan guda in ajiye. Littafin motar na cikin akwatin gaba, an rubuta shi da Faransanci, harshen da na ci abinci da shi duk rayuwata. Ban buɗe ba, ni da na yi ta dukan tebur ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su ba da amsa.

Na je Maradi da niyya mai kyau, Allah ne shaidata. Na shiga shagon kayan mota, aka faɗi kuɗi, sai na ji wani abu ya riƙe mini hannu a cikin aljihu. Jaka goma sha biyar a kan ruwa! Na juya galan ɗin ina karanta bayansa don in samu hanyar fita da mutunci, idona ya faɗa kan kalmar da ta cece ni: antijel. Kafin in kai bakin Babbar Kasuwa hujjar ta nuna, kafin in isa tashar Dakoro ta yi 'ya'ya. Kuɗin kuwa na cika su na sayi 'yar tunkiya, na ce wa zuciyata ai dukiyar yaron ce nake juya masa.

A fada, bayan isha'i, shayi na biyu na kan gawayi, na gabatar da darasin. Na ce su fasa kalmar gida biyu kamar goro: maganin daskarewa take nufi. An yi shi ne don mutanen Kanada da Rasha, inda ruwa ke zama dutse a cikin inji da dare har ya fasa ƙarfe. Abin da ke cikin galan ɗin, rabi ruwa rabi wani sinadari mai suna gilikol, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 37 ƙasa da sifili. To, wa ya taɓa ganin ƙanƙara a Korahane, in ba wadda ake kawowa daga Dakoro cikin buhu da azumi ba? Sannan na zaro babban makamina daga littafin kimiyya na kwaleji: ruwa zalla ya fi wannan gauraye iya ɗaukar zafi. Na zana a ƙasa, aka yi ta jinjina kai. Wani dattijo mai tsohuwar Land Cruiser ya ce, “Mushe, mu dama mun sani, bakin faɗi ne ba mu da shi.” Da tunkiyar ta haifi ɗan rago sai na ƙara wa darasin babi, ina tambayar mutane ko sun taɓa jin galan ya haihu.

Abin haushin, duk abin da na faɗa gaskiya ne. Da ƙarya na yi, da wani ya kama ni. Rabin shafi na karanta musu, na danne sauran da tafin hannu.

Ga abin da ke ƙarƙashin hannun. Ruwa yana tafasa a digiri 100, inji kuwa yana aikinsa a wajen 90, kullum yana zaune a bakin rijiya. A watan Afrilu, iskar da za ta ratsa lagireto ta sanyaya shi ita kanta ta haura 40, ga yashi na riƙe taya, ga na'urar sanyi a kunne. Gilikol ɗin da na raina yana ɗaga matakin tafasa zuwa wajen 107, murfin da ke danne ruwan, wanda aka rubuta 1.1 a kansa, yana ƙara ɗaga shi har ya haura 120. Ashe maganin sanyin Kanada shi ne maganin zafin Dakoro. Ban da wannan, akwai wasu 'yan sinadarai a ciki, kaɗan ne wajen yawa, waɗanda ke hana ruwa cin ƙarfe. Gangar jikin injin Fijo baƙin ƙarfe ce mai kauri, tsatsa za ta yi shekaru tana gaigaya ba ta kai ko'ina ba. Na sabuwar alminiyon ne daga sama har ƙasa, lagiretonta ma alminiyon da roba, hanyoyin ruwan cikinsa sirara kamar karan tsintsiya.

Sai kuma ruwan namu. Rijiyoyin ƙasar Dakoro masu zurfi ne, wasu sai shanu ko raƙumi sun yi tafiya da igiya kafin guga ya fito, ruwan kuma yakan zo da guzurinsa na farar ƙasa da gishiri. Kowa ya leƙa butar shayinsa zai ga farin ɓawon da ke liƙe a gindinta. Ni da nake kankare wannan ɓawo da cokali duk wata, ban taɓa tambayar kaina ina nasa ke zuwa ba in na ɗura ruwan a inji.

Da hunturun ƙarshen 2023 ruwan bokal ya soma sauka, faɗin yatsa a mako biyu. A tsohuwar mota wannan ba labari ba ne. A sabuwa kuwa ruwan a rufe yake ruf, zagayawa yake yi ya dawo. In ka ga yana raguwa to ɓarawo ya shiga gida, ko tiyo ya tsage, ko famfon ruwa na ɗiga, ko murfi ya saki, ko abin ya riga ya kai ga juwan kilas, liƙin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Ni sai na ce ƙishi ne. Na ɗauki buta na cika mata har layin sama, da ɗan gyara. Launin hoda ya koma na ruwan wankin nama, daga nan ya ɓace. Na ce ta saba da abincin gida.

Da azumin 2024 ya yi nisa, zafi ya buɗe, yaron ya bugo waya ya ce zai zo salla. Na tuna zai ɗaga kapo, kuma bokal mai farin ruwa zai tona ni. A bakin hanya na samu wani mai tebur yana sayar da ruwan inji, kore shar, galan jaka ɗaya da rabi, babu komai a jikinsa sai hoton dutsen ƙanƙara. Na san launin bai dace ba, amma nan take rowa ta miƙo mini hujja: launi rini ne, ba shi ke aiki ba. Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ya kamata ta tsorata ni, domin in launi ba ya nuna abin da ke ciki sai a koma ga rubutu, galan ɗina kuwa ba shi da rubutu. Na ɗura. Ragowar hoda da kore da ruwan rijiya suka haɗu suka ba da wani abu kamar kunun kanwa. Aiki ya hana yaron zuwa, na yi hamdala.

Kwana tara bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren 'yar ƙanwar uwargida a Korahane. Ni ne mai mota a dangi, don haka ni zan kwaso gwaggwannin amarya daga Dakoro, su huɗu a baya, uwargida a gaba, da fanteka da buhun shinkafa da katifa a bisa. Da rana tsaka muka tashi, saboda na tsaya cinikin igiyar ɗaure katifar.

Ba mu yi nisa ba alamar zafin inji ta yi ja. Uwargida ta ce, “Malam, mi ne ne wancan?” Na ce waya ce ke wasa, motocin zamani sun cika tsoro. Sai na tuna wata dabara da na taɓa karantawa: in inji ya yi zafi, a kunna na'urar ɗumama mota har ƙarshe, ta janye zafin zuwa ciki. Na yi wa gwaggwanni bayani cewa za su ɗan sha wuya na minti biyar saboda kimiyya. Na murɗa. Iska ta fito, babu zafi ko kaɗan. Na juyo da murmushi na ce, “Kun gani? Lafiyarsa lau, ko ɗumi bai yi ba.” Alhali abin da iskar nan ke faɗa mini da babbar murya shi ne babu sauran ruwan da zai kai zafi wurin na'urar, tukunya ta ƙone. Na ƙara wuta.

Muka yi kamar kilomita uku a haka. Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya shigo, wata gwaggo ta ce ko alewar biki ce ta narke. Sannan inji ya fara ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ƙarfi ya tafi, farin tururi ya taso, motar ta yi tari biyu ta mutu a gindin wata aduwa da inuwarta ba ta ishi akuya ba.

Na fito da ƙarfin hali, na ɗaga kapo, na kai hannu ga murfi. Wani yaro Bafillace da ke kiwo a gefe ya daka mini tsawa: “Baba, kada ka buɗe! Yana ƙona mutum!” Na janye hannu na yi kamar dama tabarau nake nema. Ruwan da ke danne a inji mai zafi, da an sassauta murfi yake komawa tururi ya yi tsiri, fuska yake nema. Na san wannan, na koyar da shi a aji da tukunya da murfinta. Gwaggwanni suka ƙarasa Korahane a amalanken shanu, zaune bisa katifar amarya, suna gaisawa da duk wanda suka gamu da shi suna nuna masa inda suka baro ni. Uwargida ta bar mini gorar ruwan sha, ta ce, “Wannan naka ne, Malam, ba nata ba.”

Washegari aka jawo motar zuwa wani garaji a Dakoro. Mai garajin ya fito yana goge hannu, ya durƙusa ya ce, “Mushe, ina wuni?” Na dube shi da kyau. Yaron da na sa ya maimaita aji biyar ne, wanda na taɓa rubuta wa a takardar sakamako cewa ba ya tsayawa ya fahimci abu kafin ya taɓa shi. Ya zaro sandar awon mai ya nuna mini: man ya koma kamar shayi da madara. Ya kwance tiyon ƙasa, wani abu mai kauri ya zubo cikin kwano. Ya daɗe yana kallonsa. “Mushe, wa ya zuba wanga?” Na ce wani yaro ne a gida. Ya ce to, da ladabi, irin to ɗin da nake ce wa yara in sun ce akuya ta cinye littafinsu.

Sai ya ba ni darasi a tsaye, rana na dukan ƙeyata, ban samu ko wasalin gyara masa ba. Ya ɗauko murfin ya nuna mini robar bakinsa a tsage. Ɓarawon ke nan tun farko: murfi ba ya riƙe ƙarfi, ruwa na tafasa da wuri yana sulalewa a tururi. Jaka uku ne kuɗinsa. Da na zo tun ranar da na ga ruwa ya sauka, da shi kaɗai za a canja in koma gida kafin azahar. Ya haska tocila cikin lagireto, rabin hanyoyin sun toshe da farin ɓawo da laka.

Kan injin ya lanƙwashe da zafi, sai da aka kai shi Maradi aka goge fuskarsa ta daidaita. Juwan kilas da lagireto da famfon ruwa kuwa, an yi sa'a an buɗe iyakar Najeriya a watan Maris, aka aiko da su daga Ƙofar Ruwa ta Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Da wata uku kafin nan abin ya faru, da kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashin motar. Lissafi ya tasar wa jaka ɗari huɗu. Na yi abin da na iya, na raba da goma sha biyar: galan ashirin da shida ke nan da 'yan kai. Motar gaba ɗaya wajen lita bakwai take sha, littafinta kuma ya ce ruwan da ta fito da shi daga masana'anta yana kai kilomita 160,000 kafin a canja, bayan nan duk 80,000. Galan ashirin da shida sun ishe ni, sun ishi ɗana, sun ishi jikan da ba a haifa ba.

Mako ukun da motar ta yi a garaji na karanta littafin daga bango zuwa bango, kamar mai ramuwar azumi. Daga nan na shiga bincike a waya, don ni ko tuba zan yi sai da nazari. Ashe ruwan nan dangi-dangi ne, wasu ba sa ga maciji da juna. Tsohon kore na zamanin Fijo yana shafe ƙarfe da rufin silikat da fosfat, wanda ke ƙarewa cikin shekara biyu. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da Dex-Cool mai launin lemo, da wasu sinadarai masu daɗewa. Mutanen Turai suna gudun fosfat, saboda ruwan ƙasashensu da yawa mai farar ƙasa ne, fosfat kuma in ya gamu da shi sai ya zama ɓawo. Volkswagen na da nata jerin, su G11 da G12 da G13. Japanawa kuwa silikat suke gudu, suna ganin yana cinye liƙin famfon ruwa, sai suka riƙe fosfat. Nan na ajiye wayar na yi tagumi. Ruwan hodar motata irin mai fosfat ne, ni kuma na ɗebo na rijiya mai farar ƙasa na aura masa, wata huɗu ina ɗaura wannan aure duk mako biyu. Da da gangan na so toshe lagireton, da wuya in samo dabarar da ta fi wannan.

Tsohon ɗalibin nawa bai san sunayen nan duka ba, bai kuma buƙace su ba. Dokarsa gajeriya ce. A duba bokal da safe kafin a tayar da inji. A ga abin da littafin mota ya ce, a nemi galan mai wannan rubutu a jiki, a bar kallon launi. Wanda aka riga aka gauraya a zuba shi yadda yake, mai kauri kuma a yi masa rabi da rabi da ruwan batir, tataccen nan, ba asid ba. Na tambaye shi, in mutum na tsakiyar daji fa, babu komai sai rijiya? Ƙofar da zan fita da ragowar mutuncina nake nema. Ya ce, “A zuba mana, Mushe, in inji ya huce. Ruwan rijiya ya hi babu. Amma in an iso gari a zubar, a wanke, a nemi inda ya ɓace. Kai wata huɗu ka yi cikin daji.”

Ko a wurin zubar da tsohon ruwan sai da halina ya leƙo. Na ga kwano cike, na ce a juye mini a jarka, ko kashe ƙurar tsakar gida ya yi. Ya riƙe kwanon da hannu biyu. Gilikol guba ne, ga shi da zaƙi, akuya da kare da yaro mai rarrafe duk suna sha in sun samu, ƙoda yake kashewa, kaɗan kuma ya isa. Na tuna jikokina, na tuna tunkiya, kuma ba zan rantse da wanda na fara tunawa ba. Na saki jarkar.

Tunkiyar da ɗanta su suka fara tafiya, tun kasuwar layya ba ta buɗe ba, kuɗinsu ko rabin aikin ba su biya ba. Sauran sai da na kira Yamai. Na shirya jawabi mai sassa uku a kan lalacin motocin zamani. Yaron ya saurara har na gama sashe na ɗaya, sannan ya ce, “Baba, galan ɗin da na aiko a saya, ya ƙare ne?” Na ce layin ba shi da kyau. Bai sake tambaya ba har yau. Ya aiko da kuɗin, wannan karon kai tsaye ga mai garaji.

A fada ban janye darasina a fili ba, na dai ce bincike ya ci gaba. Dattijon mai Land Cruiser har yanzu ruwan rijiya yake zubawa, yana kafa hujja da sunana, duk ranar da na ji tarin motarsa sai gabana ya faɗi.

Yanzu akwai galan mai ruwan hoda a ɗakina, na asali da rubutunsa, bisa kabad inda yara ba sa kaiwa. Makon jiya na sauko da shi, na ɗaga a rana, na ga saura kamar lita ɗaya da rabi. Sai wani tunani ya zo mini, mai tsabta, mai tsari. Tunda sanyin da aka shirya masa digiri 37 ne ƙasa da sifili, mu kuwa ko a tsakiyar Janairu da ƙyar muke sauka ƙasa da goma, to in aka ƙara masa ruwan batir kashi ɗaya cikin uku, ai har yanzu... Na tsuguna, na share ƙasa da tafin hannu, na ɗauki tsinke. Na kai layi na biyu ke nan inuwa ta rufe ni. Uwargida ce. Ba ta ko dubi lissafin ba. Ta sa ƙafa ta shafe shi, ta karɓi tsinken daga hannuna, ta tafi da shi madafa ta hura wuta.